Jiran shafi ya gama buɗewa: jan kunne ga ƙannen da suka taso daga Sakkwato

Ƙannena, sannunku da hanya. Maganar gidan haya da rigar sanyi da inda ake samun naman halal, waɗanda suka tarbe ku za su yi muku. Ni tawa ta wurin aiki ce, musamman ga wanda ya karanta kwamfuta a jami'ar Ɗanfodiyo aka ɗauke shi gwajin manhaja, wato ya rubuta umarni burauza ta buɗe shafi da kanta, ta cike gurabe, ta danna maɓalli.

A ɗakinmu na Mabera na koyi Selenium, manhajar da ake ba burauza irin wannan umarni da ita, da datar waya mai zuwa tana ɗaukewa. Dabarata a lokacin ita ce time.sleep: duk inda aka danna wani abu, sai in sa kwamfuta ta yi barcin daƙiƙa 10. Da wannan ɗabi'ar na sauka a nan ƙasar waje. Gwajin da ya kamata ya ƙare kafin shayi ya huce sai ya ci kusan awa guda, kuma duk da haka wata rana ya wuce lafiya, wata rana ya faɗi ba tare da an taɓa komai ba. Shugabar sashenmu ta jawo kujera kusa da ni, ta ɗora yatsa a kan layin time.sleep ɗin, ta tambaye ni me nake jira a nan. Na rasa amsa, domin agogo nake jira.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan ka tura Selenium wani adireshi, yana tsayawa har burauza ta ce ta gama lodi. To amma shafukan yanzu gangar jiki kawai suke fara kawowa, daga baya JavaScript, umarnin da ke aiki a cikin shafin, ya je ya ɗebo sauran bayanai daga sabar, wato kwamfutar da shafin ke ajiye a kanta. Burauza ta ce an gama, maɓallin da kake nema bai iso ba. Saurin intanet na ƙasar nan ba ya maganin wannan, yana dai ɓoye shi zuwa ranar da sabar ta yi nauyi.

Ɗan Sakkwato bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. Daren 29 ga Sha'aban kowa kunnensa na fadar Sarkin Musulmi: in an ga wata a tashi da azumi, in ba a gani ba a cika 30. Akwai abin da ake dubawa, akwai kuma iyakar jira. Haka WebDriverWait, umarnin jira na Selenium, yake aiki. Ka faɗa masa sharaɗi da wa'adi, shi kuma ya riƙa leƙawa duk rabin daƙiƙa. Da zarar sharaɗin ya cika ya wuce, in wa'adi ya ƙare ya sanar da kai. Sai dai ka zaɓi sharaɗin da kyau. Abu ya shigo cikin shafi daban, ido ya gan shi daban, ya dannu kuma daban. Sau da yawa maɓalli na nan a fili, amma ɗan da'irar nan mai juyawa ta rufe shi.

Akwai kuma jira na bai-ɗaya da ake saitawa sau ɗaya ga dukkan gwaji. Kada ka gwama shi da na sharaɗi, masu Selenium da kansu sun hana, don lissafin lokacin rikicewa yake yi.

Idan Playwright kamfaninku ke amfani da shi, takwaran Selenium wanda Microsoft ta fitar a 2020, an rage maka aiki: kafin ya danna abu sai ya tabbatar ya bayyana, ya daina motsi, kuma a kunne yake. Ko a nan kada ka dogara da jiran intanet ta yi tsit, shafi mai akwatin hira ko talla ba ya yin shiru.

Wani roƙo nake yi muku da babbar murya. Za ku sha wuyar samun ranar ganawa a ofishin takardun zama, kuma zuciya za ta ce ku rubuta abin da zai riƙa sabunta shafin ofishin dare da rana. Ku bari. Irin waɗannan shafukan suna toshe wanda suka ga yana haka, kuma takardar zamanku ce za ku jefa cikin haɗari. Bayan sallar asuba ku buɗe da hannunku ku duba, in ta ƙi, ku rubuta wa ofishin wasiƙa ku ajiye kwafinta.