Ƙannena masu zuwa Koshitse, Rusin daban, ɗan Rasha daban

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya samu gurbin karatun likitanci a Koshitse ko ya sauka Preshov a gabashin Slovakiya, dan Allah ka tsaya ka karanta wannan kafin ka fara shiga hira da mutanen gari. Maganar rigar sanyi da neman ɗaki wasu sun yi ta, ni abin da nake so in ja muku kunne a kai shi ne maganar ƙabila da yare, don nan ne namu suke taka sawun ɓarawo ba tare da sun sani ba.

Watana na biyu a nan, tsohuwar da nake haya a gidanta ta ce min ita Rusin ce, ni kuma da jin sunan sai na ce au ashe ke 'yar Rasha ce. Wallahi fuskarta ta canza, ta yi shiru, kwana biyu gaisuwa kawai muke. Daga baya ta zaunar da ni ta yi min bayani kamar jikanta. Rusinawa mutanen tsaunukan Karpat ne, sun warwatsu a Slovakiya da Foland da Yukren da Hangari har da Sabiya, ba su da ƙasa tasu. Na Foland ana ce musu Lemko. Sunan yana kama da Rasha a kunnenmu, amma su ba 'yan Rasha ba ne.

To ga inda wuyar take. Kada ka gyara kuskuren farko da na biyu, ka ce mata to ke 'yar Yukren ce kenan. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, Tarayyar Sobiyet ta karɓi yankin Zakarpatiya, inda birnin Uzhorod yake a yammacin Yukren ta yau, daga hannun Cekoslobakiya, gwamnatocin gurguzu suka yanke cewa babu wani abu wai shi Rusin, dukkansu 'yan Yukren ne, aka mayar da makarantun ƙauyukansu na nan ɓangaren Slovakiya zuwa yaren Yukren, da yawa daga iyaye suka gwammace su kai yaransu makarantar Slovak, haka yaren ya yi ta zubewa. A Foland kuwa 1947 aka kwashe su tare da 'yan Yukren daga ƙauyukan kakanninsu aka watsa su yamma da arewacin ƙasar. Sai bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989 suka samu bakin magana, a 1995 aka daidaita rubutun yarensu a Slovakiya, yanzu a Preshov akwai gidan wasan kwaikwayo da ake yi da Rusinanci, jami'ar garin ma tana koyar da shi.

Amma fa ba duka suka yarda da hakan ba. Za ka samu gida ɗaya, babban wa ya ce shi Rusin ne, ƙani ya ce shi ɗan Yukren ne kuma Rusin tsohon suna ne kawai. Gwamnatin Yukren ma har yau tana kallonsu a matsayin reshen 'yan Yukren, duk da majalisar yankin Zakarpatiya ta amince da su a 2007. Kuma ɗan Yukren da ya gudo daga yaƙi idan ya ji ana cewa Rusinawa daban ne, wani lokaci tsoro yake ji, don ya ga yadda Rasha ta yi amfani da maganar yare wajen raba musu ƙasa. Kowannensu yana da tabon da yake ji, kai baƙo ne, ba alƙali aka ɗauko ka ba. Abin da mutum ya kira kansa shi za ka kira shi. Mu ma ai mun san zafin wannan, Bakanure ko Banufe ya je Legas a ce masa ai duk ku Hausawa ne, ya yi bayani a ƙi saurara.

Sai maganar yare da 'yan Yukren ɗin, don suna da yawa a nan tun Fabrairun 2022, za ka haɗu da su a aji da shago da wurin aiki. Namu da suka yi karatu a Karkif ko Sumi a Yukren da yawansu Rashanci suka tsinta a titi, sai su zo nan suna ta spasiba, wato na gode da Rashanci, da murna. Ka yi a hankali. Mutane da dama da suka tashi da Rashanci tun suna goye sun ajiye shi da gangan bayan an fara yaƙin, wasu kuma har gobe shi suke yi a gida kuma hakan bai sa sun zama 'yan goyon bayan Mosko ba, kada ka yi musu wannan fassarar. Ni abin da nake yi, na fara da Turanci ko Slovak, in ji da wanne mutum ya amsa. In za ka yi godiya ka ce dyakuyu, shi ne na yaren Yukren, babban birninsu kuma Kyiv suke so a ce, ba Kiev irin na Rashanci ba. Kuma dan girman Allah kada ka ce ai yarenku da Rashanci duk ɗaya ne, tun 1876 sarkin Rasha ya sa dokar hana buga littattafai da yarensu, irin wannan maganar ta masu mulkinsu ce a da.

Idan ka samu hutu ka hau jirgin ƙasa ka je garin Medzilaborce a nan gabashin Slovakiya, akwai gidan tarihin mai zanen nan na Amurka Andy Warhol, iyayensa Rusinawa ne daga ƙauyen Mikova da ke kusa. A hanya ka lura da allunan ƙauyuka masu rubutu iri biyu, na ƙasan nan da ya yi kama da na Rasha, Rusinanci ne.