Yadda Zaka Sa Moto Ya Juya Gaba Da Baya, Ya Kuma Taka Birki

Moton lantarki nake nufi fa, ba motar hawa ba. Abu biyu zaka riƙa lura dasu, ina yake juyawa, sannan ina ƙarfinsa yake turawa. In sun fuskanci waje ɗaya to ja yake yi, in suka saɓa birki kenan. Gaba ja, gaba birki, baya ja, baya birki, yanayi huɗu kenan.

Juyawar ba wuya. Mai fes uku, wato mai wayoyin wuta uku, ka kashe wuta ka musanya waya biyu cikin ukun, kowanne biyu, shikenan ya koma baya. Ƙaramin na DC mai maganaɗisu kuma ka juya masa fositif da negatif. In da kontakta biyu zaka haɗa, wato makunnai masu kamawa da lantarki, ɗaya na gaba ɗaya na baya, to don Allah ka saka intalok, haɗin da ke hana ɗaya kamawa in ɗayan na kame, don in suka kama lokaci ɗaya fes biyu ne zasu haɗu kai tsaye, ƙarar da zaka ji ma ta isheka.

Birkin ne inda mutane suke shan wahala. Ka ɗauki lif cike da kaya yana saukowa, nauyin ne yake jan moton ba moton ke jan nauyin ba, a lokacin ya zama janareta yana dawo da wuta, kuma dole wutar nan ta samu wajen zuwa. In batir ne kamar na mota mai lantarki sai ta koma tana cajinsa. Amma inbata, na'urar da ke sarrafa gudun moto, ta yau da kullum diyod ne a bakinta, wuta na shiga bata iya komawa layi, sai ta taru a kafasito, ma'ajiyar wutar da ke cikin inbatar, wanda a layin bolt 400 dama yana zaune wajen 560, ya yi ta hawa har inbatar ta yi tirif, wato ta kashe kanta, kana tsaye kana mamaki. Maganinsa ko ka ƙara lokacin tsayawa a setin in wajen tsayawa take tirif ɗin, ko ka haɗa resistan birki ya ƙone rarar ta zama zafi, kuma yana zafi sosai, kar ka manna shi jikin roba ko wayoyi.

Akwai masu juya fes moto na cikin gudu don ya tsaya nan take. Yana tsayawa kam, amma ni bana so, wutar da yake ja ta fi ta lokacin tashi, koyil, wato wayar da aka naɗe cikin moton, ya yi ta gasuwa, kuma in baka yanke wuta daidai lokacin da ya tsaya ba sai kaga ya kama gudu ta baya.