Yadda Ake Horar da Ma'aikatan Asibiti Su Tarbi Tarin Masu Rauni a Lokaci Guda

A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu, aka yi ta kwasar masu ƙuna zuwa asibitocin da ke kusa. Wata guda kafin nan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga asibitin koyarwa. Irin wannan rana ba ta sallama. Asibitin da ya saba karɓar mutum uku ko huɗu a dare sai ya ga arba'in a bakin ƙofa, kuma bitar otal, wadda ake zama a kalli majigi a karɓi alawus a watse, ba ta shirya kowa wa wannan. Atisaye ne ke shirya mutum, a cikin asibitin da yake aiki, da kayan da ke hannunsa.

Fara da zaɓen waɗanda za ka horar. Kada ka tsaya kan likitoci da manyan nas-nas. Sa mai gadi, masu shara, direban motar asibiti, mai ba da kati, da mai kula da janareta. Ma'aikatan dare su ne kan gaba, domin su ne mafi ƙaranci kuma su abin ya fi ritsawa da su. Sannan a tsayar da wanda zai ja ragama, kuma a ɗora shi kan muƙami: babban ma'aikacin jinya da ke bakin aiki a wannan sa'a, har likita ya iso. In ka rubuta sunan mutum, ranar da abin zai faru yana Kano wajen biki.

Kayan aiki ba su da tsada. Ƙyalle kala huɗu, ja na wanda ke buƙatar taimako nan take, rawaya na wanda zai iya ɗan jira, kore na mai ƙaramin rauni, baƙi na wanda ya rasu ko babu ran cetonsa, a yanka sirara yadda za a ɗaura a hannu. Tela zai ba ka ragowar yadi kusan kyauta. Sai alƙalamin maka, kwali, tocila da safar hannu. Katunan da ake bugowa daga waje suna da kyau, amma ba na son a yi horo da abin da in ya ƙare ba za a sake samu ba.

Yanzu ga inda sababbi ke faɗuwa, wato tantancewa, ware masu rauni don a san wa za a fara dubawa. Tsarin da aka fi koyarwa shi ne START, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1983. Mai tantancewa ya tsaya ya ɗaga murya: duk mai iya tafiya ya koma gindin bishiyar can. Waɗanda suka tashi kore ne. Sauran sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ya wuce minti guda a kan kowa. Yana numfashi? In ba ya yi, a gyara masa kai a buɗe hanyar iska. Ya dawo, ja. Bai dawo ba, baƙi. In numfashin ya haura 30 a minti, ja. In ba a ji bugun jini a wuyan hannu ba, ja. In an ce "matse hannuna" ya kasa, ja. Wanda ya tsallake duk waɗannan amma ba ya iya tafiya, rawaya. Littafi ya yarda a danna farce a ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu, amma da tocila cikin dare, ga lalle a farcen mata, ni bugun wuyan hannu kawai nake koyarwa.

Haddace wannan ba ya ɗaukar rabin sa'a. Aiki da shi ne wuya. Kusan duk sabon da na sa a atisaye, da ya isa kan mutum na farko mai ihu sai ya durƙusa, ya fara wanke ciwo, ya nemi a kawo ledar ƙarin ruwa, ya manta da mutum ashirin da ke bayansa. Tausayi ne, kuma haka aka koya masa a makaranta, kada ya bar mara lafiya sai ya gama da shi. Amma mai ihu yana da iska a huhu, ƙwaƙwalwarsa na samun jini. Wanda ya yi shiru a gefe, gumi mai sanyi na keto masa, shi ne ke tafiya. Don haka abu biyu kaɗai aka yarda mai tantancewa ya yi da hannunsa: buɗe hanyar iska da tsayar da jinin da ke tsartuwa, ko da ɗauri ko ya sa wani daga cikin kore ya danne wurin. Daga nan ya ɗaura ƙyalle ya wuce.

Domin wannan ya zauna, shirya atisayen da gangan. Samo ɗalibai ko 'yan agaji kamar ashirin, ka rataya wa kowa kwali mai bayanin numfashinsa da bugunsa. Kwantar da mai karayar ƙafa daidai bakin ƙofa ka ce ya yi ta kururuwa yana riƙe rigar nas. Can baya, kusa da katanga, ka ajiye mai numfashi 36 wanda ba ya cewa uffan. Ƙara mutum biyar a matsayin dangi, su yi ta jan ma'aikaci suna "Malama, ki dubi ɗana tukuna." Kai kuma riƙe agogo ka ga minti nawa aka yi kafin a kai ga na jikin katanga. Kada ka tsoma baki. Bar su su gama, ka faɗi lokacin, a sake daga farko da wani mai tantancewa. A nan ne mai gadi yake gane cewa rufe ƙofa da tare dangi a waje guda aikin ceton rai ne.

Baƙin ƙyalle yana da nauyi a zuciya, kuma dole a yi maganarsa a fili tun kafin ranar. Ba a tsayawa danna ƙirji alhali masu ja na jira. Yara kuma ƙa'idarsu daban: yaron da ba ya numfashi amma yana da bugu ana hura masa iska sau biyar kafin a yanke hukunci, kuma numfashin da ya gaza 15 ko ya haura 45 shi ne ja. Kalar ma ba ta dindindin ba ce, a riƙa zagayowa, rawaya na iya komawa ja.

Sauran a taƙaice. Ware wa kowace kala wurinta tun yanzu, ja kusa da ɗakin tiyata. Manna lambobin wayar ma'aikata, asibitin da ake tura marasa lafiya, hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da masu ba da jini a bango, ba cikin wayar mutum ɗaya ba. Kowane mai rauni a rubuta masa lamba a hannu. Ƙuna ruwa mai tsabta ake kwarara mata na minti 20, banda ƙanƙara, banda man goge baki. A tanadi akwati guda na ledojin ƙarin ruwa, bandeji da allurai, makullinsa na wurin mai aikin dare. Bayan kowane atisaye a zauna minti goma sha biyar a rubuta gyara uku da wanda zai yi su. A maimaita duk wata uku, wani ba tare da sanarwa ba, na gab da damina kuma a mayar da shi na kwalara, da haɗa ruwan gishiri da sukari da auna sinadarin kulorin.