Abin Da Ya Kamata A Ɗan Taɓa Kafin Motsa Jiki Da Bayansa

Mai fita gudu da sassafe a kewayen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi bai kamata ya cika cikinsa da ɗumame ba, kuma bai dace ya fita da yunwa ba. Kimanin minti 30 zuwa 60 kafin a fara, a ci ayaba ɗaya ko dabino 3, a kora da ruwa, domin sukarin da ke cikinsu yana saurin shiga jini. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa a bar su sai an dawo, saboda abinci mai maiƙo yana jinkirin narkewa, yakan kuma sa ciki ya yi nauyi ana tsakiyar gudu.

Idan an gama, tsoka tana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, domin ta gyaru. A ganina babu kamar fura da nono a nan, muddin ba a zuba mata sukari har ta koma alewa ba. Dafaffen ƙwai ma ya wadatar.

Da rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, kankanar kasuwar Muda Lawal tana mayar da ruwan da gumi ya kwashe. Mai ciwon sukari ya tuntuɓi likita kan yawan dabinon da zai ci.