Kurakuran da ke kashe shari'a tun kafin ta kai kotun ƙoli

Da wuya mako ya wuce wani bai zauna a bencin ƙofar shagona a kasuwar Dole ba, da takardu cikin leda, yana cewa an zalunce shi amma ba komai, zai kai ƙara har Yamai. Ni ba lauya ba ne. Wake da riɗi nake saye da sayarwa, sai dai shari'a ta taɓa cin rabin jarina, kuma tun daga lokacin ba na barin takardar jistis ta kwana a hannuna ban karanta ta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin masu zuwan nan sun riga sun fāɗi tun a Damagaram, da hannunsu, ba su ma sani ba.

Babban kuskure shi ne wasa da wa'adi, kuma shi ne ya kayar da ni. Wani abokin ciniki ya ce yana bina kuɗin buhunan wake, alhali na biya fiye da rabi, da shaidu. Ya je ya samo umarnin biyan bashi daga alƙali. Irin wannan umarni, a dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci guda wadda Nijar ke ciki, ana ba da shi ne ba tare da an kira wanda ake bi ba, takardun mai ƙara kaɗai alƙali yake dubawa. Damar da kake da ita ita ce ka shigar da rashin amincewarka cikin wa'adi. A lokacin kwana 15 ne. Wusiye, jami'in da ke isar da takardun kotu, ya kawo mini takardar ranar Alhamis, kasuwa na ci, na sa hannu a tsaye, na ninke ta na cusa cikin littafin bashi. Da dare kawuna ya ce: "Ɗana, ka bar wa manya maganar nan, ba a kai ɗan'uwa gaban alƙali." Na ce to, Kawu. Aka zauna sau uku a zauren wani dattijo a Birni, ana shan shayi ana cewa an kusa daidaitawa, kwanaki suna ta tafiya. Ranar da wusiye ya dawo, ƙirga buhuna ya zo yi. Lauyan da na ruga wurinsa ya dubi kwanan watan da ke saman takardar, ya ajiye ta a tebur, ya ce: "Alhaji, ka makara, wannan ko ɗaukaka ƙara ba a yi mata." Resin biyan da na yi suna aljihuna, babu wanda ya ƙara tambayarsu.

To ku saurara da kyau. An sake wannan doka a 2023, ta fara aiki a Fabrairun 2024, kuma wa'adin ya koma kwana 10. Kwana goma! Ban ce kada a yi sulhu ba, sulhu alheri ne, amma zaman zaure ba ya tsayar da lissafin kotu ko da yini guda. Ka shigar da takardarka tukuna, sannan ka je ka zauna da manya. In an daidaita sai ka janye. Ni dai yanzu duk takardar da ta fito daga hannun wusiye, nan take nake rubuta ranar da na karɓa da jan biro, in yi mata fotokopi biyu, kuma ba na yin sallar la'asar washegari ban nuna wa lauya ba. Masu ƙin karɓar takarda ko ɓuya a bayan shago kuwa, kanku kuke cuta.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa a can sama za a sake sauraron labarinka daga farko. Na ga wanda ya tara kuɗin mota na shaidu huɗu, tafiyar kusan kilomita 900, wai za su je su rantse a Yamai. Haba! Wurin shaida da resi da rantsuwa shi ne kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara, wadda muke da ita nan Zinder. Kotun ƙoli ba ta tambayar wa ya ba wa buhu nawa. Tana duba ko alƙalan ƙananan kotuna sun yi aiki da doka daidai, ko sun taka ƙa'ida, ko sun kasa bayyana dalilin hukuncinsu. In ta soke hukunci ma, galibi mayar da shari'ar take yi a sake ta a ƙasa. Don haka duk hujjar da ka ɓoye kana cewa sai an je gaba za ka fito da ita, ka binne ta ne.

Sannan wace kotun ƙolin ma? Tun Oktoban 2023, Cour d'État ce kotun ƙolin Nijar, ita ta karɓi aikin tsoffin manyan kotuna biyu, Cour de cassation da Conseil d'État. Ita ce a ranar 14 ga Yunin 2024 ta cire wa tsohon shugaban ƙasa Mohamed Bazoum rigar kariya, shi ya sa kowa ya san sunanta. Amma ɗan kasuwa ya lura: in rigimarka ta shafi dokokin OHADA, irin su cinikin kasuwanci, kamfani, jingina ko kama kaya saboda bashi, ƙarshen hanyarka kotun CCJA ce da ke Abijan, wadda ke yi wa ƙasashe 17 hukunci. Wa'adinta wata 2 ne daga ranar da aka isar maka da hukunci, dole sai da lauya, kuma ita in ta soke, da kanta take yanke shari'ar, ba ta dawo da ita. Wanda ya doshi Yamai da shari'ar Abijan ya ɓata lokaci da kuɗi.

Akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi ƙwarai. Saboda kunnenmu yana Kano, mutum zai turo maka murya a WhatsApp yana cewa kotun ƙoli ta yanke kaza, don haka shari'arsa ta ƙare. Ka bincika, sai ka tarar kotun Abuja ce. Gaskiya ne hukuncinta na 3 ga Maris 2023 kan tsoffin takardun naira ya taɓa aljihunmu, mu masu ciniki ta Magarya da Matamaye, amma alƙalin Zinder ba ya aiki da shi. Ko hukuncin namu na gida, kada ka ɗauki jimla ɗaya ka yi ta yawo da ita. Nemi takardar gaba ɗaya a karanta maka, ka ga ko abin da ya faru can ya yi kama da naka.

Sauran a taƙaice. A shari'ar laifi, cewa "na yafe" ba kullum take rufe magana ba, domin tuhuma a hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati take. Wa'adin ɗaukaka ƙara kuma ƴan kwanaki ne, ka tambayi magatakardan kotu tun ranar hukunci. Ma'aikacin da aka kora ya adana takardun albashinsa, ya fara da ofishin sufeton ƙwadago, kada ya sa hannu kan takardar sallamar da bai karanta ba. Kada ka ɗauka kai ƙara sama ya isa ya hana a kama maka kaya. Ka tambayi lauya ko sai an nemi dakatarwa daban.

Rigimar gona ko gado kuma, in mai gari ko sarki ya sasanta ku, kada ku tashi da "Allah ya sa albarka" kawai. A rubuta abin da aka amince, iyaka daga wace bishiya zuwa wace rijiya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a buga hatimi. Tawa tana cikin gwangwani a ƙasan akwati, tare da waccan takardar wusiye da har yau ban jefar ba.