Babi na 6: Rajistar Tallafin Noma na Gwamnatin Tarayya

Darasi na 1: Tallafi daban, bashi daban

Kafin kowa ya ɗauki alƙalami, ku riƙe kalmomi biyu. Tallafi shi ne gwamnati ta biya wani ɓangare na kuɗin kaya, kai ka cika sauran, ba a binka komai bayan haka. Bashi kuwa an ba ka ne don ka mayar bayan girbi, har da kuɗin ruwa a kai.

Ga misali. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an yi shirin tallafa wa manoma mai suna GES. Saƙo ke shigowa wayar manomi, ya je wurin dillali ya karɓi taki buhu biyu, kamfa da yuriya, a rabin farashi. Wannan tallafi ne. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, kuɗin kuma daga Babban Bankin Nijeriya suka fito. An ba manoman shinkafa iri da taki da magani, su biya da shanshera. Wannan bashi ne, amma da yawa sun ɗauka rabon arziki ne, sai da aka zo karɓa ido ya raina fata. Don haka duk takardar da aka miƙo muku, tambayar farko ita ce: "Malam, wannan tallafi ne ko bashi?" Ku maimaita ta da ƙarfi sau uku. Ba abin kunya ba ne.

Sunan shiri yana canzawa idan gwamnati ta canza, hanyar dai kusan ɗaya ce: rajista, jiran saƙo, zuwa cibiyar karɓa.

Darasi na 2: Sunanka iri ɗaya a ko'ina

A nan mafi yawan manoma ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Ku fito da takardar NIN, wato lambar ɗan ƙasa. Ku dubi inda aka rubuta suna. Wannan sunan, da waɗannan baƙaƙen, a wannan jerin, shi ne sunanku a wurin gwamnati. Kwamfuta ce ke tantance rajista, ita kuwa ba ta san ku ba, ba ta san mahaifinku ba. A wurinta Muhammadu mutum ɗaya ne, Mohammed wani ne dabam, Mamman kuma na uku. Audu ba Abdullahi ba ne. Kulu ba Hauwa'u ba ce. Mai unguwa ya san duk mutum guda ne, amma ba shi zai saki takin ba.

Ga yadda za ku yi. Ajiye takardar NIN a hagu, littafi a dama. Ɗora yatsa a kan baƙi na farko, kwafa shi, matsar da yatsa zuwa na biyu, kwafa shi. Kada ka rubuta daga ka. Ko ka iya rubuta sunanka tun bara, yau kwafa za ka yi. Idan an rubuta SANI da N ɗaya, kai ma N ɗaya. Idan SANNI aka sa, sa biyu, ko da ka san kuskuren ma'aikaci ne. Gyaran kuskure a wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ake yin sa, ba a kan fom ɗin tallafi ba.

A fom za ku ga ƙananan akwatuna a jere. Baƙi ɗaya, akwati ɗaya, da manyan baƙaƙe. Tsakanin suna da suna a bar akwati ɗaya fili. Ku lura da wurin da ake neman sunan mahaifi ko na iyali, domin a fom da yawa shi ke zuwa farko. Abin da ke wannan gurbi a takardar NIN, shi za ku sa a nan.

Yanzu ku sake kwafa sunan sau biyar. Baba, hannu yana rawa? Ba komai, a hankali, ba tsere muke yi ba. Inna, wannan ya yi kyau, ƙara ɗaya.

Sai ku kwatanta da sunan da ke kan BVN na banki, da wanda aka yi wa layin waya rajista da shi, da wanda sakataren ƙungiyar manoma ya rubuta a littafinsa. Wurare huɗu ke nan, dole su zo ɗaya. Idan ɗaya ya saɓa, a gyara tun yanzu da rani, kada a bari sai hadari ya haɗu.

Kuma don Allah a daina cewa "ai duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Kullum sai an faɗa, kullum sai wani ya kawo fom da sunan da ake kiransa da shi a kasuwa, sannan gobe ya zauna a majalisa yana cewa an cinye masa taki. A koma kan takardar NIN, a ɗora yatsa, a kwafa.

Darasi na 3: Lambobi da saƙon waya

Lambar waya alƙaluma 11 ce. NIN ma 11, BVN ma 11. Idan ka gama rubutawa, ƙirga su da yatsa. Ka samu 10 ko 12, akwai kuskure. Ka bambanta 1 da 7, ka rufe bakin 0 kada ya yi kama da 6. Wanda ya manta NIN ɗinsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, na BVN kuma *565*0#. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan.

Ka ba da layin da ke hannunka, mai sunanka. Ba na ɗanka da ke ci-rani a Legas ba, don can saƙon zai tafi. Ka riƙa amfani da layin, domin kamfani na rufe wanda aka daɗe ba a taɓa ba. Idan saƙo ya shigo kada ka goge shi, kuma lambar da ke ciki kada ka karanta wa kowa ta waya. Duk wanda ya kira ya ce ka turo kuɗi ko lambar sirrin katin banki kafin a sa sunanka, ɗan damfara ne.

Girman gona kuma faɗi gaskiya. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Idan ba ka sani ba, malamin gona ya auna.

Darasi na 4: A cibiyar karɓa

Tafi da waya mai caji, takardar NIN, da kuɗin kasonka. Buhun taki kilo 50 ne. Duba ɗinkin bakinsa, duba lambobin jikinsa, irin 15-15-15 ko 20-10-10. Ƙirga buhunan kafin ka dangwala yatsa, ka karɓi rasit. Masu tsayawa a bakin ƙofa su saye kayan da araha, ku wuce su.

Darasi na 5: Inshora da makiyaya

Hukumar NAIC ce ke inshorar gona da dabbobi. Idan ambaliya ko fari ya taɓa gonar da aka yi wa inshora, kai rahoto nan da nan, kafin ka share gonar. Makiyaya kuma, a 2024 an buɗe ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Ku tambayi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ranar rigakafi.

Aikin gida: kwafa suna daga takardar NIN sau goma, a zo da takardar gobe.