Darasi na 9: Kafa Rumfa a Garin Bakin Teku

Bahaushe ba ya zama babu rumfa. A Kano ko Damagaram, da mutum ya gama gini sai ya kafa 'yar inuwa a ƙofar gida ko a tsakar gida, wurin shimfiɗa tabarma, wurin girki, wurin karatun yara. Wanda neman abinci ya kai shi Agege ko Obalende a Legas, ko Nima a Accra, ko Zangon Kwatano, ko Duwala, da wannan ɗabi'a yake zuwa. Sai dai rumfar da za ta daɗe a Katsina ba tare da an waiwaye ta ba, in aka kafa irinta kusa da teku, nan da nan za ta fara zubar da jan gari. Wannan darasi zai nuna mana dalili, da yadda za mu yi lissafin kuɗi tun kafin mu kira mai walda.

Gishirin da ba a gani

Iskar da ke busowa daga teku tana ɗauke da gishiri. Ba ka ganinsa, amma yana sauka a kan ƙarfe, ya jawo laima, laima ta haifi tsatsa. A arewa rani yana busar da komai wata da watanni. A bakin teku kuwa ƙarfe ba ya samun wannan hutu, don ko ba a yi ruwa ba iska a jiƙe take.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Saman rumfa ruwan sama yana wanke shi. Ƙarƙashinta kuwa, inda muke zaune muna kallo, ruwa ba ya taɓawa, don haka gishiri yana taruwa a can shekara da shekaru. Shi ya sa rumfar bakin teku daga ciki take fara ci. Kana iya hangen kwano daga bene ka ga yana ƙyalli, alhali ta ƙasa ya kusa hujewa.

Nisanka da teku yana da muhimmanci. Mai gida a Lekki ko Badagry, wanda yake jin ƙarar igiyar ruwa da dare, ba ɗaya yake da mai gida a Agege ba. Haka mutumin Sabon Zango a Accra ya fi na Madina kusa da gishiri. Kafin ka sayi komai, zaga unguwarku ka dubi ƙofofin ƙarfe da tagogin maƙwabta. Yadda tsatsa ta yi musu, haka za ta yi wa rumfarka.

Me za a rufa da shi?

Kwano na yau da kullum shi ne mafi sauƙin kuɗi, a Najeriya ana sayar da shi bandir-bandir, falle 20 a kowane bandir. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani siririn sinadari mai kare shi. Da gishiri ya cinye wannan lulluɓi, shi ke nan. Alminiyam ya fi tsada, amma ba ya yin jar tsatsa, kuma da mita ake auna shi, a yanka maka daidai tsawon da kake so. Tambayi kaurinsa. Za ka ji ana cewa 0.45 ko 0.55 ko 0.7, wato na milimita. Ga rumfar da iska za ta riƙa shiga ƙarƙashinta, ni dai ba na ba da shawarar ƙasa da 0.55.

Je kasuwa da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, irin wanda ake cirewa daga tsohuwar sifika. Alminiyam na gaskiya ba ya kama shi. In mai kaya ya ce maka alminiyam ne, ka manna mayen ƙarfe ya kama, to ƙarfe ne aka yi wa fenti. Ba lallai mugun kaya ba ne, amma kada ka biya kuɗin doki a ba ka jaki.

Tamfol yana da arha, yana kuma da sauƙin naɗewa, wanda ya dace da ɗan haya. Aibinsa funfuna da tara ruwa a tsakiya, ga sauro. Akwai kuma rufin roba mai shigo da haske. Ba ruwansa da tsatsa, amma da rana tsaka zafi yana ratsa shi, kuma galibi gefe ɗaya ne aka yi wa kariyar rana, dole wannan gefen ya kalli sama.

Dirkoki da ƙusoshi

A nan ne ake yawan cutar kai. Mutum ya kashe kuɗi a kan rufi mai kyau, sannan ya ɗora shi a kan baƙin bututu mara kariya, ya buga da ƙusa ta yau da kullum. Idan alminiyam ya haɗu da wani ƙarfe dabam, ga ruwan gishiri a tsakani, wurin haɗuwar ne yake fara lalacewa. Ramin ƙusa ya yi ta faɗi, ruwa ya fara ɗiga, ranar da iska ta zo ta ɗage fallen gaba ɗaya. Nemi ƙusoshin rufi masu 'yar roba a wuya. In kana dab da teku, nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Shi ma iri-iri ne: mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri.

Karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu, ɗaya Alhaji ɗaya mai walda.

"Malam, wannan bututun da ka kawo, ai na ji ka ce ba ya tsatsa."

"Haka ne, Alhaji, mai lulluɓi ne. Amma duk inda na sa wuta, lulluɓin ya ƙone. Sai an goge wurin, an shafa jan fenti na kariya, ya bushe, sannan a bi da fenti sau biyu."

"Yau ba za a gama ba ke nan?"

"Ranka ya daɗe, in kana so yau, zan gama yau. Amma baɗi war haka za ka neme ni."

"To bakin bututun nan na sama fa, a buɗe za a bar shi?"

"A'a, toshe shi zan yi. In ruwa ya shiga ya kwanta a ciki, ta gindi zai cinye shi ba wanda ya sani."

Mai waldan nan ya san aikinsa. Wanda ya ce maka fenti ɓata lokaci ne, ka sallame shi da daɗin baki.

Katako ma yana yi, in mai ƙwari ne kamar loko, kuma an shafe shi da maganin gara. Farin katako mai laushi kuwa laima da gara za su raba shi tsakaninsu. Ko ƙarfe ko katako, kada gindin dirka ya zauna cikin ruwa. A zuba kankare ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkatar da samansa don ruwa ya gangara. Kuma kada a kwaɓa siminti da yashin bakin teku, ko da kyauta aka ba ka. Gishirin cikinsa zai ci ƙarfen da aka binne.

Ruwa da iska

Ruwan da ake yi a Legas cikin shekara ya kai wajen ninki biyu na Kano, na Duwala kuma ya fi ninki uku. Accra ce ba ta samun da yawa haka, amma in ya zo a watan Mayu da Yuni kwatoci cika suke yi. Ga ƙa'ida mai sauƙi: ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ne. Rumfa mai mita 4 da mita 3 tana da murabba'in mita 12. In aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 600 za ta zubar, wato duro 3 masu cin lita 200. Ina wannan ruwa zai tafi? In ƙofar maƙwabcinka zai nufa, ka sayi rigima da kuɗinka. Sa indararo, ka ajiye duro, matan gida su samu na wanki.

Rufin ya zama da gangare. Ga kowace mita, gaba ya yi ƙasa da baya da aƙalla santimita 10.

Ita kuwa iska, ɗaga rumfa take yi, ba danna ta ba. Tana shiga ƙarƙashi kamar yadda take shiga lema. Don haka dutse ko tsohuwar taya a kan kwano ba ɗauri ba ne. A ɗaure rufi da sanduna, sanduna da dirkoki, dirkoki da kankare. Inda ƙasa rairayi ce, kamar Kwatano da Lekki, ramin ya ƙara faɗi. Ɗaga kai kuma ka duba wayar lantarki kafin a miƙar da dogon ƙarfe.

Lissafin kuɗi

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, musamman a Najeriya tun 2023 da aka cire tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi. Saboda haka ka tambayi masu aiki uku, kowa ya rubuta maka a takarda, kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam. Duba ko an sa ƙananan abubuwan da ake mantawa: ƙusoshi, fenti, siminti, tsakuwa, indararo, kuɗin mota. In ka iya karanta wannan takarda da kanka, ka ci ribar zuwa aji. Kada ka biya duka a farko.

Ɗan haya ya fara neman yardar mai gida, a kuma rubuta wa zai mallaki rumfar ranar tashi. Rumfar da ta hau kan kwata ko ta leƙa titi, hukuma tana iya rushe ta. A Legas hukumar LASBCA ce ke sa ido a kan gine-gine, a Ghana kuwa majalisar ƙaramar hukuma za ka tuntuɓa. A Legas wasu samari kan zo neman kuɗi da sun ga an sauke kayan gini. Dokar jihar ta 2016 ta hana wannan, amma yana da kyau ka sanar da Sarkin Hausawan unguwarku ko shugabannin layi kafin a fara.

Sai kuɗin kulawa, wanda ba shi da yawa. Sau ɗaya a wata, a watsa wa ƙarƙashin rumfa ruwan famfo ko na rijiya mara gishiri, a goge da tsumma. Kafin damina, a bi ƙusoshi ɗaya-ɗaya, a kankare duk ɗigon tsatsa a shafa fenti.

Aikin gida

Kuɗin da ke nan na koyon lissafi ne kawai. Mu ɗauka rumfa ta farko ta ci naira 300,000 kuma za ta yi shekara 4. Ta biyu ta ci naira 540,000 kuma za ta yi shekara 12. Raba kuɗin kowacce da shekarunta, ka rubuta nawa take ci a shekara ɗaya. Wanda zai bar gidan haya bayan shekara 2, wacce ta dace da shi, kuma don me?

Auna wurin da kake son rumfa a gidanku, tsawo da faɗi. Lissafa lita nawa za ta zubar in an yi ruwa milimita 30. Sannan ka rubuta jimla uku a kan wani ƙarfe da ka ga tsatsa ta ci a unguwarku, ka faɗi ta wane gefe ta fara. Ka zo da littafinka aji mai zuwa.